QGIS ya ƙi fitar da hanya zuwa lungunan cikin birnin Katsina

Assalamu alaikum. Ina haɗa taswirar kai kaya a Katsina da QGIS, manhajar haɗa taswira a kwamfuta. Manyan titunan daga OpenStreetMap, taswirar intanet ta kyauta, na sauko da su, lungunan wajen Ƙofar Soro kuwa da hannu na zana.

Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa hanya tana fitowa lafiya lau. Amma da zarar wurin zuwan ya faɗa cikin lungun da na zana, sai ya ce babu hanya, alhali a ido layukan a haɗe suke. Da na zuƙo taswirar sosai na ga wasu bakunan lungu sun gaza kaiwa titi da ƙasa da mita 1, wasu sun tsallake shi ba mahaɗa.

Na mayar da komai EPSG:32632 (tsarin auna wurare da mita a taswira), na ɗaga tazarar haɗa layuka zuwa mita 5, sai ya riƙa liƙe lungunan da katanga ta raba. Na gwada v.clean (kayan aikin gyaran layukan taswira), ya yanka layuka a gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura, har mota tana juyawa daga ƙasa zuwa titin sama. Wannan ya fi damuna, don direba zai bi.

Yaya zan haɗa bakunan lungunan kaɗai da titi, ba tare da an taɓa gadar ba? Na gode.