Kwana Uku Daga Birnin Kebbi: Ta Ina Za Mu Fara?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yara sun samu hutu, maigida ma an ba shi kwana uku, Juma'a zuwa Lahadi. Muna Birnin Kebbi, mu shida ne a mota ɗaya har da Hajiya surukata. Ina son yaran nan su ga wuraren da ake karanta musu a aji: Gwandu, Argungu, Surame, Sakkwato, in da hali har Wurno. Ta ina za mu fara?

Baba Direba: Wa'alaikumus salam ɗiyata. Gari biyar cikin kwana ukku, ga tsohuwa cikin mota? Wanga lissahi ya yi yawa. Ku zaɓi ukku. Kuma duk inda kunka nuha, la'asar ta iske ku masauki, ba bisa hanya ba.

Malamin Tarihi: Baba ya yi gaskiya. Ni a ganina ku fara da Gwandu ranar Juma'a, tunda kusa ce, ku je da safe ku dawo ku kwana gida. Can Hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, ƙanen Shehu. Kafin ku tashi ki gaya wa yara cewa garin da suke zaune ɗin nan shi Malam Abdullahi ya ci da yaƙi a 1805, kuma Sarkin Gwandu yanzu a Birnin Kebbi fadarsa take. Yaro in ya san haka tun daga gida, in ya tsaya gaban kabarin zai san gaban wa yake tsaye.

Gwaggon Yara: Ku shiga da hijabi, ku cire takalma inda aka ce a cire. Ki riƙe 'yan canji na sadaka, akwai masu kula da wurin da mabarata a bakin ƙofa.

Bakabe: Malam, Allah shi gafarta, amma kada a ba yara rabin labari. Kabi ta girmi jihadi da kusan shekara 300. Muhammadu Kanta ya kafa ta tun farkon ƙarni na 16, ya kuma tsaya wa Songhai. Uwar Biyu, ki ba Argungu yinin Asabar. Ku fara da Gidan Tarihi na Kanta. Ginin tsohuwar fada ce ta 1831, sarakuna sun zauna ciki har 1942, a 1958 aka mayar da shi gidan tarihi. Za su ga masu, takubba, baka da kwari, tsoffin bindigogi, tambura, da kayan kamun kifi. Kaburburan sarakunan Kabi ma suna nan ciki. Ɗana da na kai shi, kwana biyu ba shi da zance sai na tamburan nan.

Malamin Tarihi: Ban musa ba, Bakabe. Shi ya sa ma nake son Gwandu da Argungu su zo a jere. Gaba ce ta kusan shekara ɗari tsakanin Kabawa da daular Sakkwato, sai ga shi a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu aka tarbe shi da bikin kamun kifi. Daga nan bikin da duniya ta sani ya samo asali, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado a 2016. Wannan sulhun ne abin da nake so yara su dawo da shi.

Bakabe: To madalla. Daga gidan tarihi ku gangara Matan Fada su ga gulbin, ko ba lokacin biki ba ne. In kun dace za ku iske masunta da homa da gora. Kada ku bar garin ba ku ci kifi ba.

Uwar Biyu: Allah ya saka da alheri. To Surame fa? Ita babbar ɗiyata ta fi ɗokin gani.

Baba Direba: Surame kuhwai ce cikin daji, wajen Binji, ƙasar Sakkwato. Ba wurin da za a tai da tsohuwa da ƙananan yara ba ne haka kawai. Sai da ɗan gari, sai kuma an tambayi lafiyar hanya ranar da za a tafi. Ku bar ta wani jiƙon.

Bakabe: Raina bai so ba, don ganuwar dutsen da Kanta ya gina abin gani ce, amma na bi Baba.

'Yar Sakkwato: Anti, in kun baro Argungu da azahar za ku iso mana da sauran rana. Ku kwana, Lahadi da sassafe ku je Hubbaren Shehu kafin rana ta yi zafi. Shehu ya rasu 1817, Nana Asma'u ma nan kusa da mahaifinta take kwance, ki nuna wa 'yan matanki. Fadar Sarkin Musulmi ba nisa. Gidan Tarihi na Waziri Junaidu kuwa wurin gwamnati ne, bari in tambaya ko suna buɗewa ranar Lahadi in gaya miki.

Malamin Tarihi: Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun 1837, ku haɗa ta da Surame a tafiya ta gaba.

Gwaggon Yara: Ruwa mai yawa, tabarma, buta, da maganin Hajiya a jakar hannu, ba cikin but ba.

Uwar Biyu: Na rubuta. Juma'a Gwandu mu kwana gida, Asabar Argungu mu wuce Sakkwato, Lahadi Hubbare mu juyo da azahar. Ƙanwata, ina jiran maganar gidan tarihin.

'Yar Sakkwato: Gobe in sha Allah za ki ji ni. Kuma kada ku nemi otal, ɗakin baƙi na nan.