"In rafi bai kawo ba": me Amurkawa ke nufi?

Uwar Biyu: Jama'a, wata abokiyar aikina Ba'amurkiya ta rubuto min cewa za ta zo ranar Litinin, "Lord willing and the creek don't rise". Alkawari ne ko zamewa?

Malamin Turanci: Alkawari ne, Hajiya. Cewa take in Allah ya yarda, in kuma rafi bai kawo ba. Maganar mutanen karkarar kudancin Amurka ce da tsaunukan Afalashiya, inda a da ruwan dare ɗaya ke cika rafi ya datse hanyar kasuwa da ta coci. Amma kada ki sa ta a takardar ofis. Nahawunta ma na ƙauye ne, da gangan ake barinsa haka.

Ɗan Kwari: Ni a wani wuri na karanta cewa ba rafi ba ne, ƙabilar Creek ce, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka. Wai Benjamin Hawkins, wanda shugaban Amurka George Washington ya naɗa wakili a wajensu a 1796, shi ya rubuta cewa zai zo in ba su yi tawaye ba, tunda "rise" na iya nufin tawaye.

Malamin Turanci: Labarin ya yaɗu, amma masu bincike sun duba wasiƙun Hawkins ba su ga jimlar ba. Daɗinsa ne kawai ya sa ake ta maimaita shi.

Baba Alaramma: Abin da ya dame ni daban. In ka ce in Allah ya yarda, ai magana ta ƙare. Rafin ba da izininsa yake kawowa ba?

Uwar Biyu: Allah gafarta Malam, mu ma ai muna cewa "in da rai da lafiya". A garinmu da damina, direba kan tsaya bakin gulbi ya kashe mota, yaran mota su shiga da sanda suna auna zurfi, mu kuwa muna zaune da kayan biki a cinya.

Baba Alaramma: To, in da wannan niyyar ce. Ni dai zan tsaya a rabin farko.

Ɗan Kwari: Kenan ɗaya take da "come hell or high water"?

Malamin Turanci: Ina! Wannan ta mai taurin kai ce, ko sama da ƙasa za su haɗe sai ya zo. Waccan kuwa ta bar ƙofar uzuri a buɗe. Yawanci da raha ake faɗinta, ko da yake mai shirya fina-finai Spike Lee ya ɗauke ta ya yi wa fim ɗinsa na 2010 suna, kan halin birnin New Orleans bayan ambaliyar guguwar Katrina ta 2005, kuma can babu wasa.

Uwar Biyu: Ɗan Kwari, bashin da nake binka fa, da wacce za ka biya?