Mece ce Hausar "provenance"? Ni dai na tsaya a kan salsalar mallaka

Kawuna na Masanawa ne ya jawo wannan magana. Ya fito da wani tsohon littafin fiƙihu daga adaka, bugun Bulaƙ, maɗaba'ar nan da Muhammadu Ali, mai mulkin Masar na lokacin, ya kafa a Alƙahira wajen 1820. Wani baƙo ya so ya saya, amma kafin a kai ga ciniki sai ya tambayi provenance ɗin littafin. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, me ke nan da Hausa?" Na ce asali. Ya buɗe shafin ƙarshe ya ce, "In asali ne ai ga shi nan a rubuce, Masar. To me kuma yake nema?" Sai na yi tsuru-tsuru.

Kawu ya fi ni gaskiya. Asali inda aka buga littafi ne. Abin da masu tara tsofaffin littattafai ke bi kuwa, hannuwan da littafin ya ratsa ne daga maɗaba'a zuwa yau: wa ya fara saye, wa ya gada, wa ya ba da shi waƙafi, wa ya sayar.

Ku ɗauki Baibul ɗin da Gutenbag, wanda ya fara buga littafi da inji a Turai, ya buga a Mainz ta Jamus wajen 1455. Kimanin kwafi 180 aka buga, 49 suka rage, wasunsu ma ba cikakku ba. Asalinsu ɗaya, amma kowane da hanyar da ya biyo. A wancan zamani sau da yawa warƙoƙi ake sayar maka a warwatse, kai za ka kai wa mai ɗinki ya sa bango. Shi ya sa bangon kansa shaida ne: irin fatar, zanen da aka danna a kanta, ƙarfen maƙalawa, duk suna nuna garin da littafin ya fara sauka. Mu ma mun san wannan, dattijo na ganin aikin tadarishi da ɗinkin gafaka zai ce maka wannan ba hannun dukawan garin nan ba ne. (Don Allah masu yage tsohon bango su kai a manna sabo mai ƙyalli, ku bari. Shaida kuke kashewa.)

Da na kai maganar majalisarmu ta Ƙofar Soro bayan isha'i, kalmomi huɗu suka fito.

Isnadi shi ya fi burge ni da farko, don ma'anar ta zauna daram: wane daga wane daga wane. Amma limaminmu ya ce a bar wa hadisi kayansa. Isnadi baki ne ke karɓa daga baki, nan kuwa dukiya ce ke sauya hannu, har da hannun ɓarawo. Na sallama.

Nasaba ta mutane ce. Tarihin littafi kuma ya yi faɗi, zai kwashe har da marubucin da dalilin rubutun.

Saura salsala. Jikar silsila ce ta Larabci, wato sarƙa, kuma Bahaushe ya riga ya saba cewa a binciki salsalar abu. Matsalarta guda, wasu na jin ta daidai da asali. Sai na ƙara mata mallaka, don abin da malamanmu ke rubutawa a gefen shafin farko ke nan: wannan mallakar wane ne ɗan wane, ko kuma waƙafi ne, ba a sayarwa, ba a kyautarwa.

Ku gwada ta a baki. "Littafin nan salsalar mallakarsa a cike take." "Kada ka saya, salsalarsa ta yanke." Ba ta tuntuɓe.

Na koma wa Kawu da ita, muka buɗe littafin a hasken fitila. Sunaye uku ne a ciki. Na kakanmu da baƙar tawada, na wani malami da jar tawada a samansa, sai na ukun da aka kankare da aska har takardar ta kusa hujewa, harafi ɗaya kawai ake iya gani. Kawu ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "Wannan aro ne da bai koma ba." Ya mayar da littafin adaka, ya ce in gaya wa baƙon ba na sayarwa ba ne.