Jitar hannu mai tsada: wacce zan ɗauko?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kwas ɗin da ya kawo ni Landan zai ƙare ƙarshen Disamba in Allah ya yarda, kuma ba na so in dawo Kano hannu rabbana. Shekara tara ke nan ina fama da 'yar Yamaha ɗin nan da kuka sani. Yanzu jita ta gaske nake so, ƙirar hannu, wadda zan tsufa da ita. Abin da na tara fam 3,500 ne. Jiya na wuni a shagunan jita na Denmark Street, na taɓa Martin D-28, na taɓa wata Lowden, na fito kaina a ɗaure. Da yatsu nake kaɗawa, fik, wato 'yar robar kaɗa tsirkiya, sai jefi-jefi. Masu sani a taimaka.

Mai Gurmi: Wa alaikumus salam. A canza mana kuɗin zuwa naira tukuna mu ji.

Shugaban Zaure: Kar wanda ya canza. Akwai masu hawan jini a nan.

Malamar Kiɗa: Ƙanena, tunda da yatsu kake kaɗawa, me ya kai ka wajen D-28? Wannan babbar ganga ce, sai an doke ta da ƙarfi take buɗe murya. Sunan ƙirarta ma, dreadnought, na wani ƙaton jirgin yaƙin Ingila ne. Ka koma ka ce su ba ka Martin ƙirar OM ko 000. Sun fi ƙaramin jiki, suna amsa taɓawa kaɗan, kuma kafaɗarka ba za ta gaji ba in ka yi awa biyu a zaune. Sannan ka tambayi faɗin wuya daga sama. Akwai mai milimita 43, akwai mai 44 da rabi. A ido kamar ba bambanci, amma mai kaɗawa da yatsu cikin minti biyar zai gane.

Ɗan Fagge: Na gode Anti. Lowden ɗin fa? Ita ce ta fi shiga raina gaskiya.

Malamar Kiɗa: Fuskarta, wato allon gabanta, katakon sida ne ko na sifrus?

Ɗan Fagge: Ja-ja ce dai, ba fara ba.

Malamar Kiɗa: Sida ce ke nan. Shi ya sa ta kama ka. Sida tana ba da murya mai ɗumi tun ranar farko, sifrus kuwa sai an yi ta kaɗa shi yake nuna. Amma sida laushi gare ta, farce ma yana yi mata tabo.

Baban Sitidiyo: Duk na karanta. Kowa yana maganar murya, ba wanda ya lura da watan da yaron nan ya ce zai dawo. Disamba. Ɗana, zauna ka ji abin da ya same ni, in ka ga dama ka ɗauka.

Shekarun baya na sayar da filina na bayan gari, na tura kuɗi wajen wani maƙerin jita a Turai. Ba kamfani ba ne, mutum ɗaya ne da yaronsa a ɗan shago. Ba zan faɗi sunansa ba, don aikinsa ba shi da aibu. Wata goma sha huɗu ina jira. Ta iso cikin Agusta, damina ta yi tsakiya. Wallahi ranar da na buɗe akwatin ƙamshin katakon kaɗai ya isa. Na ɗora yatsa a kan tsirkiya ɗaya, sautin ya daɗe yana yawo a ɗakin kamar ba zai mutu ba. Na buga ƙusa a bangon sitidiyo na rataye ta, duk wanda ya shigo sai ya tanka.

Da hunturu ya shigo sai na fara jin ƙarafunan wuya suna yakushin hannuna daga gefe. Na ce ko ni ne hannuna ya bushe. Bayan kwana biyu tsirkiyoyin suka fara zizar da ba su yi a da, na duba na ga fuskar ta ɗan lotsa gaban jaki. Duk gargaɗi ne take yi mini, ni kuwa ban iya karatun ba. Wani dare cikin Janairu muna haɗa aiki, ba wanda ya taɓa ta, sai muka ji ƙas! Tsaga ce tun daga ƙasan jaki har gindi.

Na rubuta wa mutumin. Ya amsa da ladabi, ya ce garantinsa bai shafi bushewa ba, ya tambaye ni danshin ɗakina nawa ne. Ban ma san ana auna wannan ba. Daga nan na koyi abin da ya kamata in sani tun kafin in sayar da fili. Allon fuskar jitar kirki kaurinsa bai kai milimita 3 ba, tsirkiyoyi shida kuma suna jansa da nauyin da ya kai wajen kilo 70 dare da rana. Ana haɗa ta a ɗakin da danshinsa yake tsakanin 45 da 55 cikin 100, kuma haka Martin ma suke cewa a ajiye nasu. Kano a Janairu danshi yana sauka ƙasa da 20. Katako ya tsuke, sandunan da aka manna masa daga ciki sun hana shi motsi, ina zai je? Sai ya yage.

Wautata ta biyu ta fi ta farko. Na kai ta wajen wani kafinta a unguwarmu. Ya tsiyaya mata gam ɗin nan mai kamawa nan take, ya goge da samfefa, ya bi ta da fenti mai ƙyalli irin na kujera. Tana nan har yau, kyakkyawa daga nesa, in ka kaɗa kamar ka doki kwali.

Saboda haka ni ba ruwana da Martin ko Lowden. Kafin ka biya kuɗin jita, sayi akwati mai tauri wanda yake rufuwa ruf, da ɗan ma'aunin danshi mai batir, ka jefa a ciki. Ka sami gidan sabulu ka huhhuda shi, ka sa soso mai laima, ba mai ɗiga ba, ka ajiye wajen kan jitar. Daga Nuwamba zuwa Maris in ba kaɗawa kake ba, tana cikin akwati. Ba rataya, ba but ɗin mota, ba kusa da esi. In ka san ba za ka iya wannan renon ba, ka bar kuɗinka.

Injiniya: Innalillahi. Fili guda, Baba.

Baban Sitidiyo: Yanzu an yi gidan mai a wajen. Kar ka tuna mini.

Ɗan Agadas: Allah ya mayar da alheri Baba. Amma mu nan abin dariya yake ba mu. Gitar ta jika hamsin muke ɗaurewa bayan mota mu shiga daji da ita, rana ta dake ta, rairayi ya cika cikinta, da dare a kunna wuta a kaɗa har asuba. Ba ta taɓa tsagewa ba. Yaranmu ma da wayar birkin keke suke fara koyo.

Injiniya: Don filawud ce. Falle-falle ne aka manna, kowane falle ya gitta wa ɗan'uwansa, shi ya sa ba ta tsagewa. Shi ya sa kuma ba ta da murya.

Ɗan Agadas: Muryar tana hannun mai kaɗawa, Injiniya. Zo Agadas ka ji.

Kafinta: Baba da girmanku, amma a daina yi wa kafintoci kuɗin goro. Wanda kuka kai wa mai gyaran benci ne. Tsaga irin wannan gam ɗin fata ake sa mata, a matse, a ɗora 'yan ƙananan faci daga ciki. Kuma sai an mayar wa katakon danshinsa tsagar ta haɗe bakinta kafin a taɓa gam.

Baban Sitidiyo: Ina kake a lokacin?

Kafinta: Ina firamare Baba.

Injiniya: Ni shawarata a huta da katako gaba ɗaya. Akwai Emerald, a Donegal ta ƙasar Ayalan suke, da zaren kabon suke yin jita. Hunturu da damina duk ɗaya ne a wajenta. Kuma da hannu ake shimfiɗa zaren, in ƙirar hannun ake nema.

Mai Gurmi: Mutum ya tara fam 3,500 ka ce ya sayo roba.

Injiniya: Ba roba ba ce. Irin abin da ake jikin jirgin sama da shi ne.

Mai Gurmi: To ya hau ta ya dawo Kano, ya huta da kuɗin tikiti.

Malamar Kiɗa: Tunda an taɓo maganar, wai me muke nufi da ƙirar hannu? Martin tun 1833 suke, amma abin da ke Nazareth ta jihar Pennsylvania yau masana'anta ce, dubbai suke fitarwa, inji mai kwamfuta ne yake yanka wuya. Wannan ba zagi ba ne, aikinsu yana da kyau. Sai dai ba ɗaya ba ne da mutumin da zai ɗauki allo ya ƙwanƙwasa kusa da kunnensa, ya ƙara fere sandunan ciki, ya sake ƙwanƙwasawa, ya yi goma sha wani abu a shekara. Su Lowden da Collings da Santa Cruz suna tsakiya ne, 'yan ma'aikata kaɗan, ido a kan kowace jita. Da kuɗin da ka faɗa, sabuwa daga hannun mutum ɗaya mai suna za ta yi wuya. Wadda aka taɓa amfani da ita kuwa mai yiwuwa ne.

Ɗan Fagge: Wani mai shago ya nuna mini tsohuwa, ya ce bayanta katakon rozwud ɗin Barazil ne. Ta fi ƙarfina dai, amma na ji daɗinta.

Na Yawunde: Ko da ba ta fi ƙarfinka ba kar ka taɓa sai da takarda. Rozwud ɗin Barazil tun 1992 yake sahun farko na CITES, yarjejeniyar kare itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, ketare iyaka da shi ba izini ana iya ƙwace jitar. Na Indiya ba matsala, a 2017 an sa masa takunkumi amma a ƙarshen 2019 aka cire kayan kiɗa daga ciki. Irin wannan doka ce ta hau kan madobiyarmu bayan an gama kwashe ta daga Taraba zuwa Caina.

Af, kuma baƙin katakon da ke kan wuyan jitocin kamfanin Taylor daga nan garin yake fita. Tun 2011 su da wani kamfanin Sifen, Madinter, suka sayi injin yankan katako na Crelicam a nan Yawunde. A da in an sare bishiya aka ga cikinta da ratsin fari sai a bar ta ta ruɓe a daji, baƙi wuluk kawai ake so. Bob Taylor, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya ce a kawo masu ratsin ma zai saya. In ka ga Taylor da zane-zane a wuya ba aibu ba ne. Itacen ɗan'uwan kanya ne.

Kafinta: Kanya dai da muke sha? To ai mahoganin Afirka da suke rubutawa ma dangin maɗaci ne. Ɗan Fagge kawo rabin kuɗin in haɗa maka, maɗacin da ya bushe a Kano ba abin da hunturu zai nuna masa.

Baban Sitidiyo: Haka wancan ma ya ce.

Malamar Kiɗa: Kar ku cika damuwa da katakon baya. Antonio de Torres, wanda duk jitar Sifen ta yau take bin ƙirarsa, a 1862 ya haɗa wata da baya da gefe na takarda da aka daka aka manna, don ya nuna cewa fuska ce mai magana. Tana gidan tarihin kiɗa na Basalona har yanzu.

Injiniya: Takarda ta halatta, kabon ya haramta. Na gane.

Shugaban Zaure: Jama'a an bar mai tambaya a tsaye. Ni abu biyu zan ƙara. Na farko, wa zai gyara maka ita a gida? Duk jita mai tsirkiyar ƙarfe wata rana wuyanta zai sunkuyo. Na Martin da gam aka dasa shi, sai an sa tururi an cire, aikin gwani ne. Na Taylor tun 1999 da noti yake, a kwance a canza 'yar shimfiɗa a mayar. Ga wanda zai zauna Kano wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, kar mai shago ya ruɗe ka da zancen wai za a mayar maka da harajin VAT a filin jirgi. Birtaniya ta soke wannan tun farkon 2021. Kashi 20 ɗin harajin nan ba ya fita sai in shagon ne ya aiko maka da ita waje kai tsaye, nan kuma kai da kwastan.

Na Yawunde: Gara ya riƙo abarsa a hannu. Ka sassauta tsirkiyoyi kaɗan, ka cusa riga a ƙarƙashin kanta cikin akwati, ka roƙi ma'aikatan jirgi su sa maka ita a kabad ɗinsu.

Malamar Kiɗa: Kuma ka nemi Furch ka gwada kafin ka yanke. 'Yan ƙasar Cek ne, aikinsu tsaf, kuɗinsu bai kai na Amurkawa ba. Ko manyan Yamaha jerin L da ake yi a Hamamatsu. Kar ka raina sunan don ka saba da ƙaramarsu. Ka sa mai shagon ya kaɗa kai kuma ka koma nesa ka saurara, abin da mai riƙe da ita yake ji daban ne. Ka hau wuyan har ƙarfensa na 12 ka ji ko sautin ya kauce.

Mai Gurmi: Gurmina ƙwarya ce da fata da tsirkiya biyu. Hunturu ma ƙara masa zaƙi yake, fatar ta ɗaure.

Ɗan Agadas: Da damina fa?

Mai Gurmi: Sai in gasa shi a bakin murhu. Ku gasa Lowden mu gani.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Asabar zan koma in gwada OM da Furch ɗin. Baba, soson nan kwana nawa ake sake jiƙa shi?

Baban Sitidiyo: Ma'aunin ne zai gaya maka. Cikin Janairu ni duk kwana biyu nake dubawa. Kuma ruwan leda mai kyau, ba na rijiya ba.

Mai Gurmi: Wai ita tsohuwar Yamaha ɗin wa za a bar wa?

Kafinta: Tana shagona tun watan Yuni, ya ce in canza mata kunne ɗaya.

Ɗan Fagge: Kunne ɗaya na ce fa. Kar ka taɓa mata komai.

Kafinta: Na ɗan goge fuskar ne kawai.