Shekara takwas da cire wa Baba ƙoda, yau ga ƙululu a wuya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Garwa nake. A 2016 aka cire wa Babanmu ƙodar hagu a Yawunde saboda ciwon daji, aka ce an kwashe shi tas. Ya koma shagonsa na atamfa, har Makka ya je. To tun bayan ƙaramar salla wani ƙululu kamar goro ya fito masa a gaban wuya. Ba ya ciwo, in ya haɗiyi yawu sai ya yi sama ya dawo. Maɓallin wuyan kaftaninsa ma ya daina shiga. Inna ta ce maƙoƙo ne, Kawu kuma yana so a kira wanzami. Likita kuwa cewa ya yi mu kawo takardun aikin ƙoda. Ina ƙoda, ina wuya? Ku ba ni shawara.

Ma'aikacin jinya, Marwa: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Likitan nan ya san aikinsa. Dajin ƙoda yana bin jini, kuma yana iya kwanciya shiru fiye da shekara goma kafin ya ɓulla. Galibi huhu, ƙashi ko hanta yake nufa, amma shi kam ya yi suna wajen fitowa inda ba a zata ba: wurin da maƙoƙo ke fitowa, fata, tsoka, har ɗaya ƙodar. Ƙululun yana iya zama maƙoƙon ne kawai, gwajin da ake yi da allura ne zai raba gardama. A yi masa hoton sikana na ƙirji da ciki. In a wuri ɗaya ya fito, sau da yawa ana iya cirewa. Wanzami kuwa kada ya taɓa shi, irin wannan tsiro cike yake da jijiyoyin jini.

Wata uwa, Gaundare: Allah ya ba Alhaji lafiya. 'Yata, ki nemo takardar sakamakon gwajin ƙodar da aka cire. Ta maigidana a ƙasan adaka na same ta, gara ta ci gefe, dole muka bi jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde neman kwafi.

Ma'aikacin jinya: Af, na manta. Mai ƙoda ɗaya ya guji magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen na 'yan tebur.

Mai tambaya: Na gode. Takardun suna wurin Yaya a Duwala, na kira shi. Kawu ne dai ban san ta inda zan ɓullo masa ba.

Wata uwa: Ba ke za ki faɗa masa ba. Ki tafi da shi wurin likita ya ji da kunnensa.