Musayar Baiti: Zumuncin Koriya, Da Gaske Ne?

Malam Na-Gwale:
Da sunan Allah nake buɗe zance,
Kan 'yan'uwan da aka raba a Koriya.
Yaƙi ya lafa tun 1953,
Wuta aka tsagaita, sulhu bai biyo baya.
Afrilun 2018, can a Panmunjom na kan iyaka,
Shugaba Kim na Arewa da Moon na Kudu sun gaisa, ana ta dariya.
Kim ya tsallako Kudu, ya ja Moon Arewa,
Suka dasa itace, suka ƙulla yarjejeniya.
Yunin 2020, ofishin tuntuɓar Kudu da Arewa a Kaesong,
Arewa ta tarwatsa shi da nakiya.
Jama'a ku amsa mini cikin baiti,
Ziyarar nan har zuci ce, ko ƙarya?

Hajiya Uwar Marayu:
Malam, sannu da ƙoƙari, ga amsarka,
Kar ka yi musu kuɗin goro gaba ɗaya.
Chung Ju-yung, wanda ya kafa Hyundai, ɗan Arewa ne,
Ya gudo yana saurayi da kuɗin saniya.
Ta mahaifinsa ce, abin bai bar ransa ba,
Sai a 1998 ya kama hanya.
Shanu 1,001 ya kai Arewa,
Wa zai ce wannan bai nufi gaskiya?
Kim Dae-jung, shugaban Kudu, ya je Pyongyang ta Arewa a 2000,
Tsofaffin da aka raba da dangi suka sami ƙofar tafiya.

Ɗan Autan Mawaƙa:
Hajiya, na yarda da batun shanu,
Amma ƙofar nan ƙunci gare ta, Iya.
Sama da 130,000 suka yi rajista a Kudu,
Ƙuri'a ke tsamo kamar ɗari a tafiya ɗaya.
A Dutsen Kumgang, kwana uku kacal,
Uwa da ɗanta, jami'ai na tsaye a baya.
Mota ta tashi, ana miƙo hannu ta taga,
Daga nan ba wasiƙa, ba kiran waya.
Tun Agustan 2018 ba a sake ba,
Fiye da rabin masu jira sun bar duniya.

Malam Na-Gwale:
Auta, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi,
Kuma laifin bai tsaya ɓangare ɗaya.
Arewa na gwajin makamai masu linzami,
Kudu da Amurka na atisaye ba gajiya.
A 2024 Kim ya fasa hanyoyin kan iyaka,
Ya kira 'yan'uwansa na Kudu maƙiya.

Hajiya Uwar Marayu:
Shugabanni ban tsaya musu ba, Malam,
Tsofaffin nan su nake ji a zuciya.
A bar musu wasiƙa ta riƙa wucewa,
Su san wa ya rasu, wa ke nan lafiya.