Neman shawara: kallon tsuntsaye a bakin tafkin Jabi da bazara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in fara kallon tsuntsaye a wurin shaƙatawa na bakin tafkin Jabi a Abuja, cikin Maris da Afrilu. Wane lokaci ya fi, wane madubin hangen nesa zan saya, kuma me zan tarar?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, da an idar da sallar Asuba ka kama hanya. Kafin ƙarfe tara zafi ya taso, tsuntsaye sun shige ganye sun yi tsit. Rana ta kasance a bayanka. In ka fuskance ta, kowane tsuntsu baƙi zai zame maka. Ka bar farar riga a gida, ka sa ruwan ƙasa ko toka-toka, ka samu gindin bishiya ka zauna minti ashirin ba motsi.

Amsa ta biyu: Ɗan uwa, nemi madubin hangen nesa mai lamba 8x42. Takwas ɗin ninkin kusantowa ne, 42 kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Mutane na ruɗuwa da 12 ko 16, alhali hannu na rawa hoton ya dinga tsalle, ga filin gani ya tsuke, kafin ka gano reshen tsuntsun ya tashi. Wajen saiti, rufe idon dama ka juya dabaran tsakiya har abu ya fito sarai, sannan ka rufe na hagu ka daidaita zoben idon dama. Kada ka goge gilashin da bakin riga, ƙurar da hunturu ya bari tana karce shi. Hure ta tukuna, sannan ka bi da ƙyalle mai laushi.

Amsa ta uku: Ka dace da lokaci, Malam. Tsuntsayen da suka zo baƙunta daga Turai gudun sanyi yanzu suke tara kitse don tsallake Sahara, zuwa ƙarshen Afrilu yawancinsu sun tafi. Duba bakin ruwa, akwai wani ƙarami mai farin ciki da ke ta kaɗa gindi yana tsince-tsince, yana cikinsu. Balbela, kurciya, hankaka da shirwa kuwa ba sai ka nema ba. Shamuwa sai ruwan farko ya matso, ita daga kudancin Afirka take tahowa.

Amsa ta huɗu: Ƙari kaɗan. In ka ga tsuntsu, kafin ka buɗe waya, rubuta girmansa in an gwada da kurciya, siffar baki, launin ƙafa da inda ya sauka. Manhajar Merlin ta gane tsuntsaye na taimakawa, amma ka sauke kundin tsuntsayen yankinmu tun a gida saboda matsalar intanet.